Waƙar Mahaifiyata a Bakin Masu Jita

Har yau ban yafe wa tsofaffin masu jitar nan na unguwarmu ba. Tun muna yara suke kiɗa a Potiskum, sai da furfura ta cika musu kai suka ce za su shiga situdiyo su fitar da albam. Shugabansu maƙwabcinmu ne a unguwar Yindiski. Ta kan katanga ya ji waƙar da mahaifiyata take yi da yarenmu na Ngizimanci in tana daka, ya kwashe ta ko sallama bai yi mana ba.

Da albam ɗin ya fito, a cikin Keke Napep na fara jin ta. Sun zuba mata ganguna da ihun jita, direba har da kaɗa kai. Na ce ya sauke ni.

Maƙwabcin nan namu fa yana jin Ngizimanci sarai. Ya san ƙanena da ya rasu yana goye take yi wa waƙar, don har gaisuwa ya zo mana. Yanzu da ita ake cashewa a gidajen biki. Mahaifiyata kuwa shiru take dakanta.