Kunnensa a Kan Bututun Bagauda

Jiya warin giris ya tuna mini da tsohon makanikin gidan famfonmu na Bagauda. A zamaninsa an kawo mana na'urar da ake ɗaurawa a jikin bututu, mai auna ruwa ta hanyar sauti. Kullum tana nuna ruwa ya wadata, alhali tumatirin manoma yana bushewa. Makanikin ya kankare tsatsa, ya shafa giris, ya sake ɗaura ta, sannan ya kara kunnensa a ƙarfen kamar yadda ya saba.

Ya ce mini, "Malam, rabin bututun nan iska ce."

Manya suka gaskata na'ura, suka sallame shi. Gonakin suka ƙone, shi ma bai ga damina ba. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya yafe mana shirun da muka yi.