Wayar da Kawu Ya Hana

Kawuna ya tsufa yana haɗa fitilun dandamali a zauren wasan kwaikwayo. Abu ɗaya ne ba ya ɗaga ƙafa a kai: wayar da ke kai wa fitilu umarni daban take da ta makirufo, ko da bakinsu iri ɗaya ne. Fitilunsa ba su taɓa gardama ba, don haka ba wanda ya taɓa yaba masa.

Ranar walimar sallamarsa, magajinsa a aikin ya jona wa fitilun wayar makirufo. Fitilu suka haukace, suna ta ƙyaftawa, ja na komawa kore. Jama'a suka ɓarke da tafi.

Manajan zauren ya rungume Kawu. "Dattijo, ashe ka iya wannan ka ɓoye mana?"

Kawu ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe."