Hannun jami'i ya kulle bakin ɗalibaina

Jama'a, yau dabarata ta kwance min zani a kasuwa!

'Yan aji biyun da nake koyarwa a nan Durun na koya musu wata alama: in babba ya ɗaga hannu sama, kowa ya ja bakinsa, ba mai magana sai hannun ya sauka. Sun riƙe abin nan kamar karatun sallah.

To ɗazu sai ga jami'in duba makarantu daga Kabo, hedimasta na biye da shi. Yana shigowa ya tsaya bakin taga, ya ɗaga wayarsa sama yana neman sabis. Kun dai san garinmu!

A haka ya ce, "Yara, biyu a tara da uku nawa ne?"

Tsit!

Ya maimaita. Tsit! Har Hafsatu, wadda ta fi kowa ƙoƙari, ta toshe bakinta tana kallona.

Na ce, "Ku amsa mana!" Suka nuna min hannunsa da ido.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da za ka ɗan sauke..."

Hedimasta ya harare ni. "Malama, ki bar shi ya yi aikinsa!"

Jami'in ya girgiza kai. "Ba a koya wa yaran nan komai ba. Dole in kai rahoto."

Ya fita da hannun nan a sama. Sai da ya tada babur sannan ya zura wayar a aljihu.

Yara suna hangowa ta taga suka haɗa baki: "BIYAR!"

Wallahi ko waiwayowa bai yi ba.