Ba Gobara Ba Ce

"Ku koma, ba gobara ba ce." Haka na ji maƙwabciyata Hajiya Rabi tana korar 'yan kwana-kwana a bakin ƙofarta. Mijinta ne ya yanke jiki ya faɗi, ta kira motar asibiti, sai ga su.

Na riƙe hannunta. "Hajiya, bar su su shiga. A New York hukumarsu ɗaya da motar asibiti, kuma harajinmu ke riƙe da su."

"Wa ya gaya miki, Maman Usman?"

"Ranar da Baban Usman ya rasu, su suka fara isowa. Sun yi iya ƙoƙarinsu."

Ta matsa gefe.

Yau mijin nata, Alhaji, har koko ya sha a asibiti. Na yi kuka, amma na daɗi ne.

Ku da kun buɗe musu?