Sulusin da na karanta wa Baba

Yanzu ko yaron da ke acaba tsakanin Gazawa da bakin iyaka zai gaya maka abin da takardar asiransi, wato inshorar mota, ke biya da abin da ba ta biya. A zamanin da nake ba ka labari, takardar jandarma muke ce mata. A ninke ta, a sa cikin leda, a miƙa idan an tsayar da mota, shi ke nan saninmu.

Ina aji biyar a lakol, makarantar boko, shekarar da gyaɗa ta yi kyau, Baba ya haɗa kuɗinta da na shanunsa huɗu ya sayi tsohuwar a-kori-kura. Har yau idan na ji warin man juye da ya sha rana, ƙofar gidanmu nake gani. Yana ɗaukar 'yan kasuwa da buhunan wake daga Gazawa zuwa Agye, ran kasuwa ya yi sawu uku. Inna ba ta so sayar da shanun ba.

Ranar da zai yi takardun ya tafi da ni Maradi, don ni kaɗai ne mai Faransanci a gidan. Muka shiga wani buro, ofishin asiransi mai fanka. Akawun Bahaushe ne kamarmu, amma da Faransanci yake amsa gaisuwa. Ya ajiye takardu biyu a kan tebur, ya ce ɗaya mai tsada ce, ɗayar kuwa ita doka ta wajabta. Baba ya turo mini mai arahar.

"Karanta mini, ɗan lakol. Mi ta ce?"

Na bi layin da yatsa har na kai ga wata kalma da na sani, wadda ake furtawa "tiyar". Makon da ya wuce mushe, malaminmu, ya koya mana ita a darasin lissafi, ya raba goro gida uku ya ɗaga guda. Na ɗaga kai cike da alfahari na ce wa Baba idan mota ta lalace, sulusin kuɗinta za su biya.

Baba ya yi lissafi, sannan ya ce sulusi ma arziki ne, sauran a bar wa Allah. Akawun yana jin mu. Na ga ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kansa ga rubutu, ya buga hatimi.

Damina ta biyu, birki ya ƙi a gangaren wani ƙauye. Motar ta bugi amalanke, ta kashe san da ke ja, ta kife cikin kwari. Ba a rasa rai ba, sai dai Baba ya karye a cinya, mota kuwa ta zama ƙarfe. Wata uku yana kwance a zaure, duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa sulusinsa na nan tafe, yaronsa ya karanta masa baƙi da fari. Wani makaniki daga Jibiya ya zo yana son injin, Baba ya hana, wai kada masu asiransi su zo dubawa su tarar an taɓa. Ruwa ya yi ta dukan injin har ya ci tsatsa.

Da ya fara takawa da sanda muka koma buron. Akawun nan ne. Wannan karon da Hausa ya yi magana, Hausa tsantsa. Ya ce an biya mai amalanke sansa, takarda ta yi aikinta. Kalmar nan ba sulusi take nufi a wurinsu ba, mutum na uku take nufi, wanda ka buge. Mai mota da motarsa ba sa ciki.

"To, ranar da yaron nan ya ce sulusi, ba ka ji ba?"

"Alhaji, ba ni kuka tambaya ba."

Baba bai taɓa zuwa Makka ba. Ya ninke takardar ya sa aljihu.

Daga baya na yi fatauci a Lome, na zauna Kumasi da Abijan, na koyi harsuna huɗu. Ko'ina na tarar dokar ɗaya ce, kuma ban ga laifinta ba, domin mai amalanken nan talaka ne, san shi ne abincinsa. Abin da ban yafe ba shi ne mutumin da ya iya Hausa ya adana ta sai ranar hanawa.

Baba bai buge ni ba, bai ma yi faɗa ba. Ya koma gona da ƙafar da ba ta ƙara miƙewa daidai ba, ba shanu, ba mota. Na gama lakol, na zama mai karanta wa rabin unguwa wasiƙa. Shi kuwa idan takarda ta zo masa, sai ya ɗauki sandarsa ya ɗingisa har kasuwa wurin mai rubutun wasiƙa. Har ya rasu bai sake miƙo mini takarda ba.