Rumbun Kura da Muryar Kaka Hajjo

A gidanmu na Kebbe, da an idar da sallar isha'i Kaka Hajjo za ta hura wutar karan dawa a tsakar gida, mu kewaye ta. Tana gasa mana gyaɗa, tana zagin mai gyangyaɗi. Tsohuwa ce mai kaifin baki, ko a tatsuniya sai ta sami wanda za ta raina. "Ga ta nan gare ku, 'yan ƙazamai," haka take buɗewa. Mu ce ta zo mu sha.

Ta Kura ta fi yi mana. Wai gara ta shiga rumbun Kura, sai ta gina sabo, ta jera dabbobi su kwashe gero hannu da hannu. Bushiya a tsohon rumbu, Biri a sabo. To Bushiya guntuwa ce, ba ta kai bakin rumbu ba, sai ta riƙa miƙa kwando wofi. Na tsakiya su karɓa su miƙa, babu mai leƙawa. Biri ya yi ta kifawa, can ya ce, "An gama!" Kura ta cinna wa tsohon rumbu wuta, gero na ciki.

"To wa ya fi wauta?" in ji Kaka.

Mu ce Bushiya.

"Ash! Ashe jikokin Kura anka tara min. Ita da ta tambayi na ƙarshen layi shi ɗai, mi ya sani?"

Kafin ta rasu na naɗi tatsuniyoyinta a tsohuwar wayata. Da wayar ta fara mutuwa, aka juye su a kwamfutar Yaya Bello, ɗan baffana, mai shago a Tambuwal, wanda ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya. Kwamfutar ta cika, sai ya rubuta shiri da harshen kwamfuta na Python, mai jera umarni kamar bututu: na farko ya karanto murya ya miƙa wa mai matse ta don rage mata girma, shi kuma ya miƙa wa mai aikawa ma'ajiyar intanet. Da na ƙarshe ya ce lafiya lau, shirin zai goge na asali.

Na ce, "Yaya, mu saurari ko guda kafin a goge."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Ke, wanga aiki ba daka ba ne. Inji bai ƙarya."

Da Sallah dangi suka taru, aka ce a kunna mana Kaka. Shiru kake ji. Ashe umarnin farko bai gane irin muryar tsohuwar waya ba, ya mutu nan take. Na biyu ya matse iska, na uku ya aika iska, ya ce an gama. Shirin kuwa na ƙarshe kaɗai yake tambaya. Gurbin muryar, Injiniya ya riga ya cika shi da finafinai. Ya sosa ƙeya, wai matsalar sabis ce. Tir!

Da ina yarinya na ɗauka gajarta Kaka take zagi. Yanzu na gane ba ta damu da wanda ya kasa ba. Wanda ya ƙone rumbu bai leƙa ba, shi ta raina. Ni ma na raina shi, har gobe.

Jiya na yi wa 'yata tatsuniyar Kura. Ta ce, "Inna, yaya muryar Kaka take?" Na buɗe baki in yi mata "Ash" ɗin nan, sai na ji tawa ce ta fito.