Maganin da Ba a Dakawa

Har gobe in na ji ƙanshin kakin zuma a kan wuta, sai in tuna da maganin Baba. Jiya ma na wuce wani mai gyaran takalmi yana narkar da shi a bakin kasuwa, sai ga ni a tsakar gidanmu na Kwamba, ga Inna, mahaifiyar Baba, zaune a tabarma da kaskonta.

Tun ina ƙarami Baba yake fama da ciwon hanji, ga gyambon ciki a kai. Abin da ke karɓarsa wani ɓawon itace ne da wata tsohuwa take kawo wa Inna daga Lambata. Sai dai yana da kaifi. In ya sha jiƙon tsura, kafin ya kai hanji ya gama ƙona masa ciki. Don haka Inna takan dafa shi har ya yi kauri kamar maɗi, ta mulmula ƙanana kamar wake, ta tsoma a ƙaro, in sun bushe ta sake tsomawa a kaki da man kaɗe. Cewa take riga take sa wa maganin, kada ya tuɓe sai ya wuce ciki.

Ka san tsofaffin da, ba sa yarda da aikin hannunsu sai sun gani. Kwano biyu take ajiyewa, ɗaya ruwan tsamiya, ɗaya ruwan kanwa, ta jefa ƙwaya a kowanne ta tafi sallar la'asar. A wurinta tsamiya ce ciki, kanwa ce hanji. In ta dawo ta tarar ta cikin tsamiya ta fashe, ko ta cikin kanwa ba ta narke ba, duk kaskon take zubarwa, komai wahalar da ta sha. Da damina, da yake kome ba ya bushewa, zubarwar ta fi ajiyewar yawa.

Wata damina aka yi rasuwa a Diko, Inna ta tafi zaman makoki. Washegari ciwon Baba ya tashi, yana ta murƙususu a ɗaki. Gwaggo, ƙanwarsa, mace ce mai tausayi da gaggawa, ba ta iya zama ta ga ɗan'uwanta a haka. Ta ce ƙwayoyin nan jinkiri gare su, yaushe za su narke. Ta juye su a turmin yaji ta daka lukui, ta dama masa a kunu. Kafin azahar Baba yana aman jini. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ina tsaye ina kallo aka cicciɓe shi zuwa motar maƙwabci.

Da Inna ta dawo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta leƙa turmin, ta kankaro kakin da farcenta, ta dubi Gwaggo.

"Rigar ai ita ce rabin maganin, 'yar nan."

Baba ya tashi, amma bai ƙara komawa daidai ba. Gwaggo kuwa har ta koma ga Allah ba ta sake miƙa wa kowa magani ba, ko na ciwon kai.

Yanzu babu Inna, babu tsohuwar Lambata, kuma ba wanda ya gaji hannunsu. Baba yana wurina, tsufa ya ci ƙarfinsa, haɗiya tana masa wuya, wani lokaci ma ba ya gane mu. Kafso yake sha na asibiti, likita ya ja kunnena kada a buɗe, kada a tauna, sai ya kai hanji yake sakin maganin. Abin da nake tsoro kullum shi ne ranar da ba na gida.

Ran Asabar na shigo na tarar da 'yata riƙe da kafson a kan kofin kunu.

"Daddy, Kaka ya kasa haɗiyewa, bari in buɗe masa kawai, ai duk ɗaya ne."

Na riƙe hannunta da ƙarfin da ban yi niyya ba, har ta tsorata. Na sa kafson a 'yar lomar tuwo, na dangwala miyar kuɓewa, na kai bakin Baba. Da ƙyar ya wuce. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaya a hankali.

"Inna, kin gwada a tsamiya?"

Na share masa baki, na ce na gwada.